Cike giɓin Windows da manhajojin waje: jagora daga teburin gyara a Tudun Wada

Wata Malama da ke koyarwa a makarantar sakandare ta kawo mini laftof ɗinta shago ranar wata Asabar, a naɗe cikin ɗankwali saboda ƙurar hunturu. Ta hannu ce ta saya, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, kuma wanda ya sayar mata ya ce ya cika mata ita da komai da komai. Na kunna, muka zauna muna jira. Muka gaisa, na tambayi maigida da yara, yaron shagona ya je ya sayo ruwa ya dawo, har lokacin kwamfutar ba ta gama farkawa ba. Da ta buɗe sai saƙonni suka fara faɗowa a kan allo: wannan ya ce direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassanta aiki, sun tsufa, wancan ya ce ya gano matsaloli fiye da ɗari, na uku kuma dala yake nema.

"Malam, ni fa rubutu kawai nake yi da ita, sai karatun Alƙur'ani da nake saurara, sai hotunan yara," in ji ta. "Duk waɗannan na mene ne?"

Na ƙirga abin da aka loda mata, manhajoji talatin da bakwai. Maganin bairos biyu, burauza huɗu, na kallon bidiyo uku. Abin da take buƙata bai wuce biyar ba. Wanda kuma ya fi damunta, wato yadda za ta rubuta ƙ da ɗ da ɓ a jarrabawar Hausa da take tsara wa ɗalibanta, babu wanda ya tanadar mata.

Windows ce babbar manhajar da ke jan ragamar yawancin kwamfutocin da ke Kaduna, daga ofisoshi har shagunan buga takardu da ke kewaye da Kwalejin Kimiyya da Fasaha. Ba ta zuwa da komai. Wani abin kuɗin lasisi ne ya sa aka cire shi, kamar kunna faifan DVD da aka daina haɗawa da ita tun Windows 8. Wani kuma sayar da shi ake yi daban, kamar Word da Excel. Wani kuwa masu ƙera ta ba mu ne a gabansu ba. Saboda haka dole mutum ya jingina da manhajojin wasu. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke yin hakan ido rufe, alhali duk manhajar da ka ɗora ka ba ta damar shiga inda takardunka da hotunan iyalinka da kalmomin sirrinka suke. Ga yadda nake bi da kwamfutar duk wanda ya zo wurina.

Fara da takarda da biro

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ka sauke komai, ka yi mako guda kana aiki da kwamfutar yadda take, ka ajiye takarda kusa. Duk lokacin da ka so yin wani abu ya gagara, ka rubuta shi da kalmominka: an turo mini fayil ya ƙi buɗewa, bidiyon biki yana fitar da sauti babu hoto, ina so in haɗa takardun shaidata biyar su zama fayil ɗaya. Aikin za ka rubuta, kada ka rubuta sunan manhaja. Mutane da yawa suna zuwa suna cewa a sa musu kaza, in ka tambaye su me za su yi da ita sai su ce sun ga kowa yana da ita.

Ka kuma san wace Windows ce a hannunka. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver, ka danna Enter. Zai nuna maka ko 10 ce ko 11, da lambar zubinta, kamar 22H2 ko 24H2. Ka rubuta wannan a saman takardar, domin abin da wani zubin ya rasa wani yana da shi.

Duba abin da ke cikin gida tukuna

Rabin abin da ke takardar nan, in ka bincika, Windows tana yinsa da kanta. Ɗaukar hoton allo: Windows da Shift da S. Ganin abubuwan da ka kwafa a baya: Windows da V. Mayar da kowace takarda PDF: ka je wurin bugawa, a jerin firintoci ka zaɓi Microsoft Print to PDF, wanda yake nan tun Windows 10. Karanta PDF da ja masa layi: burauzar Edge tana yi. Rage girman hoton fasfo domin ɗorawa a shafin rajistar makaranta ko neman aiki: tsohuwar Paint tana da Resize. Share tarkace: Storage Sense ko Disk Cleanup. Fayilolin da aka dunƙule a tsarin zip tun da daɗewa Windows ke buɗe su, kuma daga ƙarshen 2023 Windows 11 ta fara buɗe RAR da 7z, in dai ba a kulle su da kalmar sirri ba.

Mafi girma a cikinsu shi ne maganin bairos. Tun Windows 8, wadda ta fito a 2012, Defender cikakken maganin bairos ne da ke zuwa a ciki, kyauta, yana sabunta kansa. Ga mai amfanin gida da ɗalibi da ƙaramin ofis, ra'ayina ya wadatar.

Duk abin da ka samu a ciki ka soke shi daga takardar. Abin da ya rage shi ne giɓin gaskiya.

Giɓin da ya fi shafar mu: haruffa masu lanƙwasa

A nan zan daɗe, domin nan ne dogaro da kayan waje ya taimake mu kuma ya bar mana aiki. A shekarun 1990 kwamfuta ba ta san ƙ ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa masu ɗauke da lanƙwasar Hausa, waɗanda aka sani da Abdalla da Rabi'at, aka buga littattafai da kundayen bincike masu yawa da su. Hidima ce babba. Sai dai irin wannan salon haruffa na wancan zamanin dabara ɗaya yake bi: a ari gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana sabon harafi a wurin. Idonka yana ganin ƙ, ita kuwa kwamfuta a wurinta wata baka ce ko sanda. Muddin salon yana kan kwamfutar komai lafiya. Ranar da takardar ta je inda babu shi, ko aka kwafa rubutun zuwa Facebook ko WhatsApp, sai alamomin asali su bayyana a tsakiyar kalmomi.

Yanzu kowane harafi yana da lambarsa ta dindindin a tsarin Unicode, wadda kowace na'ura ta sani. Hanyoyin rubuta su uku ne, ka fara da ta farko.

Windows tana da allon rubutu na Hausa a cikinta. A Windows 11 ka shiga Settings, sai Time & language, sai Language & region, ka danna Add a language, ka rubuta Hausa, ka ɗora. Daga nan maɓallin Windows da doguwar sandar tazara ne ke sauya maka tsakanin Turanci da Hausa. In kana kan Hausa, ka riƙe Alt na hannun dama ka danna k, d ko b, lanƙwasasshen zai fito. Ka haɗa da Shift in babba kake so. Haka ma ƴ, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y.

In a Word kawai kake aiki, ka rubuta U+0199 ka danna Alt da X, zai koma ƙ. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ 0253. Manyansu kuma 0198 da 018A da 0181. Da yake ba za ka yi ta buga lamba a kowace kalma ba, ka shiga Insert, Symbol, More Symbols, ka zaɓi harafin, ka danna Shortcut Key ka ɗaura shi a kan maɓallan da hannunka ya saba.

Sai ta uku, wadda ita ce ta waje: Keyman, na ƙungiyar SIL, kyauta ne kuma yana aiki a kowace manhaja. Wanda ke rubutun Ajami shi ya fi buƙatarsa, domin allon Larabci na Windows bai tanadi duk abin da Ajamin Hausa ke nema ba. SIL tana da salon haruffa mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano, da wani mai suna Harmattan. Malaman Islamiyya da na tsangaya da suka ga Alkalami a kan allo a shagona, murnar da suka yi ba ta misaltuwa.

In kana da tsofaffin takardu da aka buga da salon da, kada ka jira. Ka buɗe kowace, ka kwafi alamar da ke tsaye a madadin ƙ, ka danna Ctrl da H, ka manna ta a akwatin sama, ka sa ƙ ta gaskiya a na ƙasa, ka danna Replace All. Ka maimaita wa sauran biyar ɗin. Ka yi wannan a kan kwafi, ka bar asalin yadda yake har sai ka karanta sabon ka gamsu.

Sauran giɓin, a taƙaice

Bidiyo da sauti: VLC, wadda ta faro a matsayin aikin ɗalibai a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, ƙungiyar VideoLAN ke kula da ita. Tana kunna DVD da MKV da bidiyon sababbin wayoyi na tsarin HEVC, wanda Windows kan ce sai ka sayi ƙari daga shagonta. Ita kaɗai ta isa, ba sai ka haɗa da wasu biyu ba.

Fayilolin da aka dunƙule: 7-Zip, wadda Igor Pavlov ya fitar tun 1999, kyauta ce har ga 'yan kasuwa. WinRAR da kowa ya saba da ita ta gwaji ce ta kwana 40, bayan nan doka ta ce a biya.

Rubutu da lissafi: in ba ka da kuɗin Office, LibreOffice tana buɗe fayilolin Word da Excel kuma tana adana su. Ka shiga Tools, Options, Load/Save, General, ka mayar da ita tana adanawa a docx da xlsx kai tsaye. Gaskiya ita ce wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce tsakaninta da Word, musamman teburori. Don haka in za ka kai kundi a buga maka, ka mayar da shi PDF tun daga gida.

Sikanin da haɗa takardu: NAPS2 tana ɗaukar shafuka da yawa daga sikana ta haɗa su PDF ɗaya, PDFsam Basic kuma tana haɗawa da rarrabawa. Ina roƙon masu shaguna su daina ɗora takardar NIN da sakamakon jarrabawa da takardar haihuwar mutane a shafukan intanet na kyauta don kawai a haɗa su. Amana aka ba ku, kuma ba ku san inda kwafin zai kwana ba.

Neman fayil: Everything, 'yar ƙarama ce, kana fara rubuta sunan fayil tana zubo maka shi. Ga mai shagon da ya tara takardun shekara goma, wannan ta fi duk sauran amfani.

Kafin ka ɗora komai

Kwafi takardunka da hotunanka zuwa filash ko rumbun waje, ka zare shi ka ajiye. Sannan a akwatin bincike na Windows ka rubuta Create a restore point, ka buɗe. In kariyar a kashe take, kuma sau da yawa haka ake samunta, ka danna Configure ka kunna, sannan ka danna Create ka sa masa suna da kwanan wata. Wannan zai ba ka damar mayar da Windows yadda take in sabuwar manhaja ta rikita ta. Ba ya adana takardunka, shi ya sa kwafin ya zo farko.

Ka kuma duba wuta. Yawancin laftof na hannu batirinsu ya gaji. In NEPA ta ɗauke ana tsakiyar ɗora direba ko sabunta Windows, kana iya wayar gari da kwamfutar da ba ta tashi. Ka bari sai batir ya cika, ko janareta na aiki, ko kana kan sola.

Daga ina za ka ɗauko?

Zuwa da kai ya fi aike. Ka je shafin masu manhajar da kansu, ka rubuta adireshin da hannunka: videolan.org, 7-zip.org, libreoffice.org, keyman.com, voidtools.com. In ta Google ka bi, ka tsallake sakamakon farko da aka yi wa alamar talla, domin 'yan damfara suna sayen wannan gurbin su kafa shafi mai kama da na gaske. Ka kula da harafi ɗaya ko ɗigo ɗaya da ya bambanta. In ka shiga shafi ka ga koren maɓallin saukewa har uku ko huɗu, fita kawai.

Hanyar da na fi so ita ce winget, manhajar da ke sauke wasu manhajoji ta ɗora su in ka rubuta mata umarni, wadda Microsoft ta kammala fitarwa a 2021, tana cikin Windows 11 da Windows 10 da aka sabunta. Buɗe PowerShell ko Terminal, ka rubuta waɗannan, kowanne ka danna Enter ka jira ya gama:

winget install VideoLAN.VLC

winget install 7zip.7zip

winget install TheDocumentFoundation.LibreOffice

winget install voidtools.Everything

Baƙin allon yana tsorata mutane a karon farko, amma yaron shagona ya iya shi a yini ɗaya. Amfaninta shi ne tana ɗauko fayil daga inda masu shi suka ajiye, ta gwada tambarin lissafinsa da wanda aka yi rajista, in bai dace ba ta ƙi ɗorawa.

In kuwa dole a filash aka kawo maka, saboda data ta yi tsada kuma LibreOffice kaɗai ta haura megabait 300, to ka yi abu biyu. Danna fayil ɗin da ɓangaren dama na linzami, ka shiga Properties, ka duba Digital Signatures ka ga ko sunan masu shi ne a wurin. Wasu manhajoji nagari, kamar 7-Zip, ba su da wannan sa hannun, su kam ƙanana ne, ka sauke da kanka. Na biyu, ka ɗora fayil ɗin a virustotal.com, inda magungunan bairos sama da sittin za su duba shi lokaci guda. Manhaja kawai ake kaiwa can, ban da takardunka, domin abin da aka ɗora masu bincike suna iya ganinsa.

Sai maganar fasassun manhajoji, waɗanda ake kira kirak. Na san dalili: kuɗin lasisi da dala ne, aljihu kuma da naira. Amma ka lura da umarnin farko da ke zuwa da kowannensu, wai ka kashe Defender tukuna. Ka kori mai gadi kenan da hannunka domin wanda ba ka sani ba ya shiga. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja ya raba kyauta, sau da yawa akwai abin da ya cusa a ciki, kuma abin da aka fi nema yanzu shi ne kalmomin sirrin da burauza ta adana, na imel da Facebook da banki. Garin neman gira a rasa ido. Ga kuma haƙƙin masu ita, wanda mu da kanmu mun san hukuncinsa. In sana'arka ta dogara da wata manhaja, kamar masu zanen katin biki da kalanda, ka sa kuɗinta cikin jari, ko ka ba Inkscape da GIMP, manhajojin zane na kyauta, wata guda ka ga iya inda za su kai ka.

Lokacin ɗorawa

Kada ka yi ta danna Next kamar mai kora kaji. Inda aka ba ka zaɓi tsakanin Express da Custom, ɗauki Custom, ka karanta kowane shafi, ka cire alamar duk abin da ba ka nema ba: ƙarin burauza, sauya shafin farko, maganin bairos na gwaji. Yawancin talatin da bakwai ɗin Malama ta nan suka shigo, ɗaya ta jawo biyu.

Idan allo ya dushe aka tambaye ka ko ka yarda wannan manhaja ta yi sauyi a na'urarka, ka tsaya ka karanta sunan da ke wurin. Danna Yes na nufin ka ba ta ikon shugaban gida. In ba kai ka fara ɗora wani abu ba sai tambayar ta faɗo da kanta, amsar No ce.

Ɗaya bayan ɗaya ake ɗorawa. Ka ɗora, ka gwada aikin da ka ɗauko ta dominsa, ka kashe kwamfutar ka kunna, sannan ta gaba. Da ka gama, danna Ctrl da Shift da Esc, ka shiga sashen Startup, ka kashe duk wadda ba dole ne ta tashi tare da Windows ba. A laftof mai RAM na gigabait 4, wannan kaɗai yana iya rage jiran safe sosai.

Uku da nake tsoro

Ba duk manhajoji ne zurfin shigarsu ɗaya ba. VLC in ta lalace, ita kaɗai ta lalace. Amma maganin bairos da direbobi da masu cewa suna wanke kwamfuta, can cikin ƙashin Windows suke aiki.

Ranar 19 ga Yuli 2024 wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. Jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya a ƙasashe da dama. Ba ɓarayi suka yi ba, manhaja ce halastacciya da aka biya kuɗinta. A 2017 kuma 'yan kutse sun shiga inda ake haɗa CCleaner, ɗaya daga cikin masu wanke kwamfutar nan, suka cusa mugun abu a zubi na 5.33, mutane kimanin miliyan 2.27 suka sauke shi, da sa hannun kamfanin a jikinsa. Ita Microsoft ta faɗa a fili cewa ba ta goyon bayan amfani da masu share rajistar Windows, wato kundin da take adana saituttukanta. Ni ba na sa wa kowa su.

Maganin bairos cikakke guda ɗaya ake bari. Biyu suna faɗa da juna, su cinye ƙarfin na'ura. Smadav, ta ƙasar Indonisiya, wadda ta yi suna a shagunanmu saboda filash, masu ita da kansu sun ce kariya ce ta biyu, don haka ba ta maye gurbin Defender. Ciwon da aka fi nemanta dominsa, wato filash ya dawo duk foldoji sun koma gajerun hanyoyi (shortcut), ga maganinsa: ka sa Defender ya duba filash ɗin tukuna, kada ka danna ko ɗaya daga cikin gajerun hanyoyin, sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai sauya E da harafin filash ɗinka. Foldojin da aka ɓoye za su dawo. Ka kwashe takardunka, ka yi wa filash ɗin fomatin.

Direbobi kuwa, ka fara da Windows Update, sashen Optional updates. In babu, ka je shafin HP ko Dell ko Lenovo ka sa lambar da ke ƙasan laftof ɗin. Ka guji manhajojin da ke alƙawarin sabunta dukkan direbobi da danni ɗaya. Direban da ke aiki lafiya a bar shi. Kafin a yi wa kwamfuta fomatin, ka buɗe folda mai suna direbobi a filash, ka buɗe Command Prompt da ikon shugaba (Run as administrator), ka rubuta pnputil /export-driver * E:\direbobi domin ka kwashe waɗanda ke kai. Ranar da aka sake ɗora Windows aka rasa Wi-Fi, za ka gode wa Allah da ka yi haka.

Kiwo bayan saye

Windows Update ba ta sabunta yawancin manhajojin waje, kuma wasunsu ba sa sabunta kansu. A 2023 an gano wata kafa a WinRAR da ke bari mugun abu ya tashi da zarar mutum ya buɗe wani fayil da ke cikin dunƙulen. An toshe ta a zubi na 6.23 a watan Agusta na shekarar, amma sai wanda ya je ya sauke sabon da kansa. Har yau ina cin karo da tsofaffin zubi a kwamfutocin da ake kawo mini daga Kawo da Barnawa da Rigasa.

Ka ware rana ɗaya a wata. Rubuta winget upgrade ka ga jerin waɗanda suka tsufa, sannan winget upgrade --all. In da wayarka kake ba kwamfutar intanet, ka shiga bayanan Wi-Fi ɗin a Settings ka kunna Metered connection domin ta rage jan data a ɓoye, ka bar manyan saukewa sai datar dare. Amma kada ka mayar da wannan hanyar hana sabuntawa gaba ɗaya.

Akwai giɓi ɗaya da maganin bairos ba ya cikewa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, da ƙarin wa'adin gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista. In tushe ya daina samun gyara, su ma na waje suna janyewa: Chrome ta tsaya a zubi na 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023. Windows 11 kuma tana neman wani sashen tsaro a cikin na'ura mai suna TPM 2.0, kuma in injin Intel ne, na zuriya ta takwas zuwa sama, abin da laftof da yawa da ake sayarwa a kasuwa ba su da shi. In za ka saya a Ahmadu Bello Way ko ko'ina, ka tambayi zuriyar injin kafin ka tambayi kuɗi. In kuma tsohuwar ce a hannunka, kuma aikinka rubutu ne da intanet, Linux Mint, babbar manhaja ta kyauta da ke iya maye gurbin Windows, tana zuwa da LibreOffice da Firefox a ciki, kuma ana iya gwada ta daga filash ba tare da an taɓa Windows ba. Mai CorelDRAW dai ba za ta yi masa ba.

Hanyar fita

Kayan aro ba ya rufe katara. Manhaja tana mutuwa, ko a sayar da kamfaninta, ko ta koma ta kuɗi. Adobe Flash da ɗimbin shafukan intanet suka dogara da shi wajen nuna bidiyo da wasanni an rufe shi ranar 31 ga Disamba 2020. Ita kanta Windows ta cire WordPad a zubin 24H2. Don haka duk manhajar da za ka zuba wa aikinka, ka gwada tun ranar farko ko za ta iya fitar maka da shi a tsarin da wasu ke buɗewa: docx ko odt ko PDF ga rubutu, xlsx ko csv ga lissafi, jpg ko png ga hoto, mp3 da mp4 ga sauti da bidiyo. Masu makarantu da kantunan magani da ke sayen manhajar rajista daga hannun wani matashi, ku nemi ya nuna muku maɓallin fitar da bayananku zuwa Excel kafin ku biya, ku danna shi da hannunku ku ga fayil ɗin ya buɗe.

Ka ajiye jerin abin da ka ɗora. winget export -o E:\manhajoji.json zai rubuta maka shi a filash, kuma winget import -i E:\manhajoji.json zai mayar da waɗanda ya sani bayan fomatin. Duk wadda ka yi wata uku ba ka buɗe ba, ka shiga Settings, Apps, ka cire ta ta hanyar Uninstall. Goge alamarta daga kan allo ba ya cire ta.

Laftof ɗin Malama sai da muka kwashe takardunta muka sake ɗora mata Windows daga tushe, domin ban yarda da abin da manhajojin nan suka bari ba. Na sa mata LibreOffice da VLC da 7-Zip, na kunna allon Hausa, na rubuta sunayen ukun da kwanan wata a 'yar takarda na manna a ƙasan laftof ɗin da salatif. Ta jawo kujera, ta riƙe Alt na dama, ta buga "ƙwaƙwalwa", ta buga "ɗalibai", ta buga "ɓarawo".

"Malam, to in na tura wa shugaban makaranta a waya, haka zai gan su?"

Na ce ta tura mu gani. Ta tura wa wayarta ta WhatsApp, ta buɗe, ta miƙo mini: lanƙwasar tana nan a kan kowane harafi.